Darasin sauraren kiɗa ba sai da kayan kiɗa ba

Malam, ka tambaya ko za ka iya koya wa ɗalibanka na sakandare fahimtar kiɗa alhali makarantarku ko kalangu ɗaya ba ta da shi. Za ka iya sarai. Aikin kunne ne wannan darasi, waya da 'yar sifika sun ishe ka. Kunna musu abin da bai wuce minti 2 ba, ka tsayar, ka tambaye su wanne ne goge, wanne ne kalangu, a ina mawaƙi ya ajiye 'yan amshi suka ɗauka. Sannan ka gaya musu na wane ne kowane kiɗa: kalangu an san shi da mahauta, garaya da maharba, kakaki kuwa sarki ake busa wa.

Sharaɗi ɗaya dai, ka fara da abin da kunnensu ya saba ji. Ni na tafka kuskuren farawa da kiɗan Turai, kafin a tashi rabin aji na gyangyaɗi. Mako na gaba sai na nuna musu yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata, sauti ya hau, ya sake ta ya sauka, har ya kwaikwayi karin maganar Hausa. Wani yaro ɗan gidan mahauta ma shi ya ƙarasa mini bayanin. Daga nan ne na koma kan goge mai tsarkiya 1 da biyolin, wato gogen Turawa, mai 4, suka bambance su da kansu.