Tambayi Likita: Cirar Haƙori, Kumburin Muƙamuƙi da Tsoron Tiyata

Saƙonnin wannan watan sun taru a kan aikin da nake yi kullum, wato tiyatar baki da muƙamuƙi. Na lura kusan duk wanda ya rubuto wuƙa yake tsoro. Ni kuwa abu biyu ne suka fi tayar mini da hankali: watannin da mutum zai shafe yana jan ƙafa kafin ya zo, da kwana ukun farko da zai yi a gida bayan an gama aiki.

*Likita, shekarata 23. Turmina na can ƙurya, na ƙasa, ya leƙo rabi ya tsaya. Sau uku ke nan dasashin wurin yana kumbura har in kasa buɗe baki. An ɗauki hoto an ce sai tiyata. Ni tsorona kada a sa ni barci in kasa farkawa. Babu magani kawai?*

Sannu, ƙanwata. Babban mutum haƙora 32 gare shi, huɗun ƙarshe kuma su ne 'yan autan baki, sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da sauran sun riga sun cike wuri. Wanda bai sami gurbi ba sai ya karkace, wani ma ya kwanta a gicciye ya tokari maƙwabcinsa. Naki ya bar 'yar fatar dasashi a kansa kamar murfi, abinci na shiga ƙarƙashinta, buroshi ba ya kaiwa. Magani zai kwantar da kumburin, amma murfin na nan, shi ya sa yake dawowa.

Ba kowane turmin ƙarshe nake cirewa ba. Wanda ya fito tsaye, yake wankuwa, bai dami kowa ba, ina barinsa. Amma kumburi sau uku ya isa hujja, kuma in aka daɗe, lafiyayyen turmin da ke gabansa shi ma zai fara ruɓewa ta baya.

Batun barci kuwa, kwantar da hankalinki. Yawancin irin wannan aiki idon mutum biyu ake yinsa. Allurar kashe zafi ce a cikin baki, galibi lidoken. Bayan 'yan mintuna leɓenki zai yi nauyi kamar ba naki ba. Za ki ji ana dannawa ana turawa, za ki ji ƙarar inji, amma ban da zafi. In kin ji zafi ki ɗaga hannu a ƙara allura. Ana ɗan tsaga dasashi, a rage ƙashin da ya rufe haƙorin, sau da yawa a raba haƙorin gida biyu ko uku don ya fita ta ƙaramar ƙofa, a ɗinke. Yawanci ba ya kai awa ɗaya. In ma ta kama a sa ki barci, ki sani likitan haƙori ne, William Morton, ya fara nuna wa duniya wannan dabara a Boston ta Amurka a 1846, yau kuma akwai likita na musamman wanda ba shi da wani aiki sai tsaron numfashinki da bugun zuciyarki. Naki shi ne ki bi doka: babu abinci awa 6 kafin aiki, babu ko ruwa a awa 2 na ƙarshe, don kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu.

Ga abin da na fi so ki tambaya. Akwai jijiyar da ke bi ta wani ɗan kwaroro a cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, dab da saiwar wannan turmi. Ita ke sa ki ji leɓenki na ƙasa da haɓarki. In ta bugu, wurin kan yi dundum. Ga mafi yawan mutane ji yakan dawo cikin makonni ko watanni, ga kaɗan kuma ba ya dawowa duka. Ki ce likitanki ya nuna miki a hoton, za ki ga siraran layuka biyu farare ƙarƙashin saiwar. In sun haɗu da ita sosai, akwai hanyar yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a inda take. Haƙƙinki ne a yi miki wannan bayani kafin ki sa hannu.

*Likita, an cire mini haƙori ranar Litinin. Kwana biyu lafiya lau, ranar Alhamis sai ciwo ya taso har cikin kunne, baki yana wari. Tun ranar farko nake ta kurkurewa don kada ya ruɓe. Ina ɗan shan taba. Ko guntu aka bari a ciki?*

Malam, da wuya guntu ne. Ramin haƙorin ne ya bushe. In aka cire haƙori, jini kan cika ramin ya daskare ya zama guda, ja mai duhu. Wannan gudan shi ne murfin ƙashi, a cikinsa kuma sabon nama ke tsirowa. Kurkurar da ka yi da kyakkyawar niyya ita ta wanke shi, taba ta ƙarasa: zuƙa tana fizgo gudan, hayaƙin kuma yana matse ƙananan hanyoyin jinin wurin. In na haska fitila a irin wannan rami, farin ƙashi nake gani tsirara, da ɓurɓushin abinci a gindinsa. Iska ma in ta taɓa shi sai mutum ya zabura.

Ka koma wurin wanda ya cire. Zai wanke ramin ya cusa ɗan magani, sau da yawa kafin ka isa gida ka ji sauƙi, cikin kwana 7 zuwa 10 kuma nama ya rufe. Kada ka ɗura wa kanka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba shi ne maganin wannan ba.

Ga wanda za a cire wa nan gaba: ka cije audugar da aka sa maka minti 30 ba tare da leƙawa ba. Awa 24 na farko ban da kurkura, ban da tofar da yawu da ƙarfi, ban da tsotsar wurin ko taɓa shi da harshe. Bayan haka sai ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka karkata kai ya kwanta a wurin, ka bar shi ya zubo da kansa. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara sauka, wannan ba abin tsoro ba ne. Taba kuwa, ka ba ramin ko da kwana uku.

*Gaskiya ne cire haƙorin sama yana taɓa ido?*

Ba gaskiya ba ne. Jijiyar gani daban take, hanyarta ba ta bi ta haƙori ba. Abin da ke saman turamen sama wani kogo ne na iska da ke haɗe da hanci, shi ya sa wani lokaci mukan ce kada a fyace majina da ƙarfi na mako biyu. Ruɓaɓɓen haƙorin da aka ƙi cirewa ne ma zai iya tura mugunya sama har fatar ido ta kumbura.

*Likita, maigidana ya yi wata biyu yana fama da turmin ƙasa, yana shan maganin ciwo. Ciwon ya lafa, amma tun jiya ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri, yawu na zuba, ba ya iya haɗiya. Me zan ba shi?*

Wannan saƙon ban jira fitowar mujalla ba, a ranar na amsa mata da cewa ta kai shi sashen gaggawa yanzu-yanzu. Na sako shi nan don wata.

Hajiya, saiwoyin turamen ƙasa sun nutse ƙasa da naman da ya shimfiɗe ƙarƙashin harshe. In mugunya ta huda ƙashi ta can, wuya take nufa. Sai ta bazu ɓangare biyu, ƙasan haɓa ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama ya koma baya, ya fara toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan cuta tun 1836, har yau da sunansa ake kiranta, har yau kuma tana kisa. Ba na manta wani magidanci da aka kawo mini da tsakar dare. Ya ƙi kwanciya, yana zaune ya sunkuyo gaba, hannuwansa a kan gwiwa, tawul a wuya ya jiƙe sharkaf, muryarsa a shaƙe. Sai da aka fara tsare masa numfashi, aka tsaga wuya aka zubar da mugunya, aka cire haƙorin. Ya tashi, amma bayan kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Haƙorin da ya jawo duk wannan, da aikin minti 20 ne wata biyu kafin nan.

Kuma lafawar ciwo kada ta ruɗe ku. Sau da yawa jijiyar cikin haƙorin ce ta mutu, ruɓar kuma ta gangara saiwa.

*Ɗana likita, shekarata 68, ina shan wafarin saboda zuciya, ga ciwon sukari. Wani ya ce in daina wafarin kwana biyar kafin a cire mini haƙori.*

Baba, wafarin maganin hana jini yin guda ne, don Allah kada ka daina da kanka. Jinin ramin haƙori muna iya tsayar da shi da ɗinki da wani ɗan soso mai narkewa. Gudan jinin da zai tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki kuwa ba mu da ɗinkinsa. Ana yin gwajin daskarewar jini mai suna INR cikin kwana ɗaya zuwa uku kafin aiki, in bai kai 4 ba yawanci ana cirewa ba tare da an taɓa maganin ba. Ka nemi lokacin safe, ka karya kumallo ka sha maganin sukarinka kamar kullum, tunda allurar baki ce kawai. Bayan aiki farasitamol za ka sha, ban da ibufurofen da asfirin, don ba sa jituwa da wafarin. Ka zuba duk magungunanka a leda ka zo da su, har wanda kake ganin bai shafi baki ba. Maganin ƙarfafa ƙashi irin alendironet, misali, yana iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa.

*Likita, mahaifina yana da gyambo a gefen harshe, wata biyu ke nan, ba ya ma yi masa zafi sosai. An ce za a yanki kaɗan a gwada, amma 'yan'uwa sun ce in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa zai yi.*

Ɗan'uwa, rashin zafin ne ya fi damuna. Ƙurajen baki na yau da kullum suna da raɗaɗi, amma cikin mako biyu sun warke. Duk gyambon da ya wuce mako uku, musamman a gefen harshe ko ƙarƙashinsa, ko mai taurin baki, ko ga mai shan taba ko giya, dole a gwada shi. Mai yiwuwa tsinin karyayyen haƙori ne ke gogarsa, mai yiwuwa kuma sankara ce, ido kaɗai ba ya rabewa. Yankan gwaji ba ya baza ta. Mutane sun ga haka ne saboda akan zo a makare, sai a ɗora wa wuƙa laifin abin da ya riga ya yi nisa.

Aikin na minti 15 ne: allura, yanki wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ɗinki biyu ko uku, ya koma gida da ƙafarsa. Sakamako yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ka kai shi cikin makon nan, ka kuma shafa wuyansa ƙarƙashin muƙamuƙi kafin ku tafi. In ka ji wani ƙullutu mai tauri, ka faɗa wa likitan tun a bakin ƙofa.