Tambayi Likita: Shekaru Sun Ja, Aiki Bai Tsaya Ba

Likita, shekaruna 58, manomi ne ni a ƙasar Ringim. Da ni ne kan gaba a wurin gayya, yanzu kuwa kafin in ƙare kunya ɗaya yarana sun yi biyu. Amma abin mamaki, damin geron da nake samu ya fi na lokacin ƙuruciyata. Sun ce in ajiye fartanya in huta. In ajiye?

Malam, kada ka ajiye. Ƙarfin da ka ga ya ragu gaskiya ne: daga shekara 30 naman jiki yakan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, bayan 60 kuma raguwar takan ƙara sauri. Saurin da ƙwaƙwalwa ke kama sabon abu shi ma tun wajen shekara 20 yake fara ja baya. Amma akwai wani sani da ke taruwa da shekaru, wanda yakan ci gaba da ƙaruwa har mutum ya wuce 60, kuma shi ne yake cika maka rumbu. Kai ka san ruwan farko da ake shuka a kansa da wanda yake yaudara. Ka san gefen gonar da ke riƙe laima, ka san in an makara da noman firi da kwana biyar to maimai zai zama wahala biyu. Yaro yana da ƙarfin yin aiki sau biyu, kai ba ka da shi, shi ya sa kake yi daidai tun farko.

An taɓa auna wannan a wata masana'antar haɗa manyan motocin Mercedes-Benz a Jamus, aka wallafa sakamakon a 2016. An ga ma'aikatan da suka manyanta sun ɗan fi matasa yin ƙananan kurakurai, amma da wuya su tafka babban kuskuren da ke jawo asara, kuma yawan aikinsu bai faɗi ba har zuwa shekara 60. Haɗa mota daban, noman gero daban, na sani, amma ni dai na ga irinsa a gonakin garinmu.

Abin da zan ce ka sauya shi ne rabon aikin. Huɗa da ɗaukar buhun taki ka bar wa yara. Kai ka riƙe zaɓen iri, lokacin shuka, da zagayen gona. Zama wuri ɗaya yana cinye naman jikin dattijo sosai. Ka riƙa cin wake, gyaɗa, nono, ƙwai ko kifi kullum, ba tuwo da miyar kuka zalla ba.

Likita, ni mace ce mai shekara 46 daga Bichi, ɗinkin hula nake yi. Hannuna ya faɗa sosai, amma yanzu sai na nemi yarinya ta zura min zare a allura, hular da nake gamawa a mako ɗaya tana kai ni mako biyu. Wasu sun ce jifa ne, wasu sun ce in na sa tabarau idon zai mutu.

Hajiya, ba jifa ba ne, kuma tabarau ba ya kashe ido. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke lanƙwasawa in za a dubi abu na kusa. Daga shekara 40 zuwa 45 yakan fara tauri, kowa da kowa, har da mu likitoci. Ni ma sai da na yi shekara guda ina miƙa takardar magani nesa da fuskata kafin na sallama. Tabaran karatu ne maganinsa. A shekarunki galibi mai lamba +1.00 zuwa +1.50 ya isa, lambar tana hawa a hankali har wajen +2.50 in an kai 60. Wannan hawan ne mutane ke gani su ce tabarau ya ci ido, alhali ko ba a sa ba haka zai tafi.

A jihar Assam ta Indiya an gwada a kan masu tsinkar ganyen shayi a wani bincike da ya fito a 2018. Waɗanda aka ba tabarau aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100, na waɗanda suka haura 50 ma ya fi haka. Ke ga ƙwarewar shekara ashirin a yatsunki, ido kawai ya tsaya miki. Ki je a auna ki a sashen ido na babban asibiti ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, a duba har da hawan jinin ido, domin shi ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Ki kuma riƙa ɗinki a tsakar gida da hantsi, ki bar na cikin ɗaki da almuru.

Likita, malamin makaranta ne ni a Gumel, shekara 59. Ƙarfe huɗu na dare idona ke buɗewa. Ciwo ne?

In kana kwanciya bayan isha'i ka samu awa bakwai, lafiyarka ƙalau. Agogon jiki yakan matso gaba da shekaru, a yi barci da wuri a tashi da wuri. Yi makin jarrabawa da shirin darasi a wannan lokacin, kafin gida ya tashi. Amma in fitsari ne ke tashinka sau uku ko huɗu, je a auna suga a kuma duba mafitsara.

Likita, mahaifinmu yana noman rani a Kadawa, ya kusa 67. Kullum da dare sai ya sha haɗin kemis don gobe ya iya wuni a gona.

Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Haɗin nan yawanci akwai magungunan kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci har da dexamethasone. Shan su kullum yana ƙwaƙule ciki, yana tayar da hawan jini, yana lalata ƙoda. Ga shi kuma jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, dattijo zai wuni cikin zafin Afrilu mai haura digiri 40 bai nemi ruwa ba. Ƙodar da ta rasa ruwa aka ɗora mata diclofenac, ita ce muke gani a layin wankin ƙoda.

Kada ka ce masa ya daina zuwa gona, ba zai ji ba, kuma ba shi ne gyaran ba. Ka ce, "Baba, mu je a auna jininka, in ya so mu ji abin da likita zai ce kan ciwon jikin." Awon da ya kai 140/90 ko sama, aka maimaita aka same shi haka, yana buƙatar magani. Ya fita bayan asuba, ya baro rana da ƙarfe goma sha ɗaya, ya koma bayan la'asar. A ajiye masa jarkar ruwa a inuwa, ya riƙa kurɓa ko bai ji ƙishi ba. In kuwa kun ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafafunsa sun kumbura, ranar nan za ku kai shi asibiti, ba kemis ba.