Filin Makanike: Shekara nawa injekta ke yi kafin ya mutu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni direba ne a Gusau, ina da Hilux mai injin 2KD, ƙirar 2010, da ita nake ɗaukar hatsi daga kasuwannin ƙauye. Bara ta fara baƙin hayaƙi tana shan gas fiye da ƙima, aka ce injektoci ne. Sai da na sayar da sa ɗaya kafin na canja duka huɗun. Yau wata bakwai ke nan, ga shi ta koma gidan jiya, da safe ma sai an sha fama take tashi. Mahaifina ya yi shekara ashirin da Land Cruiser, sau ɗaya tak na ga an taɓa nozul ɗinta. Injektan zamani ne ba su da ƙarko, ko cutata aka yi? Kuma shekara nawa ya kamata injekta ya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da alheri, na san abin da ake ji idan aka fitar da dabba daga garke don a gyara mota, gyaran kuma bai tsaya ba.

Injekta, wato na'urar da ke fesa gas a cikin inji, ba a lissafa masa shekara. Na ga Hilux irin taka da ta haura kilomita 300,000 da injektocinta na asali, na kuma ga wadda aka sa wa sababbi fil ba su ga damina biyu ba. Duk lokacin da na bi diddigin irin wannan bambanci, a tanki nake ƙarewa. Abin da injekta ya sha shi ke yanke masa kwana.

Motar mahaifinka da taka ba jinsi ɗaya ba ne. Idan Land Cruiser ɗinsa mai injin 1HZ ce, wanda Toyota ta fara yi a 1990, to nozul ɗinta, wato bakin da ke fesa mai, rami ɗaya gare shi, sifirin ne ke riƙe da allurarsa, kuma yana buɗewa ne idan matsin mai ya kai wajen bar 150. Tayar motarka ba ta wuce bar 3 ba, don ka gane ma'aunin. Irin wannan nozul yana da haƙuri, ya ci ƙura ya sha ɗan ruwa ya ci gaba da aiki. Taka kuwa tsarin bututu ɗaya ce, wanda muke cewa komon rel. Kamfanin Denso na Japan ne ya fara sa shi a manyan motocin Hino a 1995, Bosch na Jamus kuma ya kawo shi ƙananan motoci a 1997. A nan famfo yana danne gas a cikin bututun har ya haura bar 1,300, wasu injinan na baya-bayan nan ma suna wuce 2,000, sannan kwamfuta ce ke ba injekta umarnin buɗewa. Ramukan bakinsa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Tazarar da ke tsakanin allura da gidanta kuwa maikiron biyu zuwa uku ce, alhali kaurin gashin kanka ya kai wajen maikiron 70. Ƙwayar ƙurar da idonka ba ya gani, a wurin injekta tsakuwa ce, kuma da wancan matsi ake harba ta.

Ga kuma yawan aikin. Idan inji yana juyi 2,000 a minti, kowane injekta yana aiki sau 1,000 a mintin nan, sau 60,000 ke nan a awa guda. Na komon rel ma ba feshi ɗaya yake yi ba, yana ɗan tsartuwa kafin babban feshin, shi ya sa injin ba ya ƙara irin ta da. Duk wannan gogayya ba baƙin mai ke sanyaya ta ba. Gas ɗin da kansa shi ne man shafawar injekta da famfo. Saboda haka duk wanda ya gauraya gas da kananzir ya tsinka shi, ya rage masa santsi, ƙarfe ya koma cin ƙarfe.

Yanzu ga zargina game da motarka, ko da yake ban gan ta ba. Ina kyautata zaton abin da ya kashe na farkon yana nan a cikinta, shi ya kashe na biyun. Ka tambayi wanda ya yi maka aikin: ya sauke tanki ya wanke? Ya hura bututai? Ya duba ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli a cikin tsohuwar filta? Idan ruwa ko kananzir ya riga ya ci famfo, famfon yakan riƙa sakin wannan gari, ya bi bututu ya shiga sababbin injektoci. Ko na kamfani ka ɗaura, haka za su bi sahun na farko. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a sana'armu, a karɓi kuɗin mutum masu yawa a canja abin da ya mutu, a bar abin da ya kashe shi, don wanke tanki aiki ne mai wahala kuma ba ya kawo kuɗi.

Abu na biyu, wane iri aka sa maka? A kasuwa akwai sabo na asali, akwai na Beljiyam, akwai wanda aka gyara, akwai kuma jabu a cikin kwali mai kyau. Na Beljiyam ba laifi ba ne, amma ba ka san tafiyar da ya yi kafin ya zo hannunka ba, don haka kada ka biya sai an ɗora shi a injin gwaji a gabanka. Sannan kowane injektan Denso irin naka yana da lamba mai harafi 30 a kansa, wadda dole a shigar wa kwamfutar mota, don ta san halin kowane ɗaya ta daidaita masa mai. Da yawa ba sa yi. Haka kuma washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsa ba a maimaita ta. Idan ta yi yoyo, hayaƙi yana bi ta gefe ya ƙona baƙin mai ya zama kamar kwalta, har ya toshe rariyar famfon mai, daga nan sai maganar inji gaba ɗaya.

Kafin ka sake sayen komai, a yi gwajin man da ke komawa. Ana sa wa kowane injekta siririn tiyo da kwalba, a tayar da mota na ɗan lokaci. Wanda kwalbarsa ta riga sauran cika, shi ne ya lalace a ciki, shi ke zubar da matsi har mota ta ƙi tashi da safe. Sau da yawa ɗaya ne ko biyu, ba duka huɗu ba. A kuma sa kwamfuta a ga yawan gyaran da take yi wa kowace silinda. Baƙin hayaƙi ma ba kullum injekta ba ne, toshewar filtar iska ko matsalar turbo na kawo shi. Amma ina roƙonka kada ka ci gaba da lodi a haka. Injektan da ke ɗiga yana iya fasa fistin, kuma idan ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a sanda maimakon raguwa, gas ne ke gangarawa ciki, ka ajiye motar.

Wani gargaɗi ga yaran gareji: dabarar nan ta sassauta bututu inji na aiki don a gane silindar da ba ta ci, ta tsofaffin injina ce. A komon rel gas ɗin yana huda fata ya shiga nama, mutum na iya rasa yatsa ko hannu.

Na san hanyar da kake bi ba ko'ina ake samun gidan mai ba, dole wani lokaci ka saya a jarka wurin 'yan bumburutu. To ka riƙa cika tanki a gari kafin ka fita. Idan ta kama dole, ka zuba kaɗan a farar kwalba ka bari ya kwanta, ruwa da laka suna sauka ƙasa, ka kuma shinshina ko akwai warin kananzir. Kada ka kwana da tanki kusan wayam, musamman da damina, domin raɓa na taruwa a jikinsa ta ciki. Idan fitilar ruwa ta kama a dashbod, ka tsaya ka kwance ƙasan filta ka zubar, kada ka ce sai an isa gida. Ni a hanyoyinmu ina ba da shawarar canja filtar gas duk kilomita 10,000, kuma ta asali, don a nan ne araha ba ta ado. Wajen ɗaura sabuwa kada a cika ta da gas daga galan, wannan gas ɗin bai bi ta tacewa ba zai wuce kai tsaye. A danna ɗan famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri.

TAMBAYA: Baba, ina da injin niƙa mai silinda ɗaya a Damagaram. An ce in riƙa zuba maganin wanke nozul a gazuwal. Yana da amfani?

AMSA: Hajiya, maganin yana iya narkar da ɗan dattin da ya daskare a bakin nozul, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Nozul ɗin injinki mai sauƙi ne, mai gwaji zai ɗora shi a famfon hannu ya ga ko yana feshi kamar hazo ko yana ɗiga, ya daidaita shi ko ya canja bakin kawai. Babban abokin gabarki garin da ke tashi a shagon ne. Ki sa a riƙa rufe tanki da jarka sosai, a ajiye mazurari a cikin leda, a kuma bar gazuwal ya kwana a jarka kafin a zuba, a bar na ƙasan.