Tambaya da Amsa: Shin awon tsokar da ake ɗebowa da allura daga ƙululun mama yana kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni mace ce mai shekara 44, ina zaune a unguwar Birni a nan Damagaram. Wata huɗu ke nan da na ji ƙululu mai tauri a mamana na hagu, aka yi mini ekografi, wato hoton da ake haska cikin jiki da na'ura irin wanda ake yi wa masu juna biyu, sannan aka soka allura mai kauri aka ɗebo ɗan tsoka domin awo. Takarda ta dawo cewa ba sankara ba ce, amma ƙululun yana ƙara girma, kuma likitana ya ce a sake ɗiba. Surukata kuwa ta ce daji ba ya son ƙarfe, kada in yarda a ƙara taɓa shi. Wannan awo yana kuskure ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ina goyon bayan likitanki, kuma ina roƙonki ki koma a sake ɗibar ba tare da jinkiri ba.

Awon da aka yi miki, wanda ma'aikatan asibiti ke kira biyopsi, yana daga cikin hanyoyi mafi inganci na gane abin da ke cikin ƙululu ba tare da an yi tiyata ba. Ana kashe zafin wurin da allura, sannan a shigar da wata allura mai rami, kaurinta kamar milimita 2, a yanko siraran tsoka guda 3 zuwa 5 daga cikin ƙululun. Ya fi awon siririyar allura da ke zuƙo ƙwayoyin halitta kawai, domin shi yana kawo tsokar yadda take a jere, har mai duba ta a madubin likita ya iya bambance sankarar da ke tsare cikin hanyar ruwan nono da wadda ta riga ta kutsa cikin naman da ke kewaye. Idan aka yi shi ana kallon allurar a allon ekografi, yana gano fiye da 95 cikin 100 na sankarar da ke akwai. Idan kuwa da hannu kawai aka lalubi ƙululun aka soka, kuskure ya fi yawa.

Ragowar kaɗan ɗin nan da awon ba ya ganowa shi ne abin da ya shafe ki. Mai awo ba ya ganin maman, ba ya ganin ƙululun, abin da aka sa masa a kwalba kaɗai yake gani. Idan allurar ta goce ta ɗebo kitse ko lafiyayyen naman gefe, zai rubuta cewa bai ga sankara ba, kuma gaskiya ya faɗa game da abin da ya iske, alhali ciwon yana nan inda allura ba ta kai ba. Haka kuma babban ƙululu yakan ruɓe a tsakiya, sai a ɗebo matacciyar tsoka da ba ta nuna komai. Akwai ma wasu tsiro da ke kama da juna ƙwarai a ɗan guntun tsoka, kamar fibro-adenom, wanda ba shi da haɗari kuma ya fi yawa ga ƴan mata, da wani mai suna filod, wanda ke saurin girma kuma sai an cire shi.

Saboda haka likitoci ba sa dogara da takardar awo ita kaɗai. Suna haɗa shaidu uku: abin da hannu ya ji, abin da hoton ekografi ko mamografi (hoton mama da ake ɗauka da na'ura ta musamman) ya nuna, da abin da tsoka ta faɗa. Idan ukun suka yi daidai cewa ba sankara ba ce, hankali na iya kwanciya. Idan ɗaya ya saɓa, kamar a ce ƙululu mai tauri da ke girma ga mace mai shekara 44, ko ga kaluluwa a hammata, ko kan nono ya shige ciki, ƙa'ida ita ce a sake ɗiba ko a cire ƙululun dungurungum a auna shi. Likitanki bai raina takardar ba, aikinsa yake yi yadda ya kamata.

Maganar surukarki na sha jin ta daga bakin iyayenmu mata, kuma na san tausayi ne ya sa ta faɗa. Sai dai binciken likitoci bai nuna cewa wannan allura tana rage kwanan mai sankara ko tana hana ta warkewa ba. Abin da ya sa ake zargin ƙarfe shi ne mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, sai a ɗora wa allura laifin watannin da aka ɓata a gida. Abin da yakan biyo bayan awon shi ne ɗan ciwo da taruwar jini ƙarƙashin fata na ƴan kwanaki.

In za a sake, ki nemi a yi ana kallo da ekografi, kuma a sa tsokar nan take cikin ruwan formol, wanda ke hana ta ruɓewa. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin idan sai an aika kwalbar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce cikin zafi, kuma tsokar da ba a adana da kyau ba tana ɓata awon da ke nuna ko maganin sankarar mama irin su tamoksifen zai yi aiki. Ki tafi da takardar farko da hotunanki duka, ki gaya musu idan kina shan aspirin ko wani maganin tsinka jini, sannan ki tambayi ranar da sakamako zai fito, ki koma da kanki ki karɓa.