Tsibirin Hainan: Ina Ƙofofin Karɓar Haraji?

Tambaya: Malam, na ji an ce a tsibirin Hainan na ƙasar Sin direba ba ya tsayawa biyan kuɗin hanya. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma kada ka ɗauka kyauta ce. Tun 1994 hukumomin Hainan suka cire shingayen karɓar kuɗi, suka zuba harajin cikin farashin fetur. Shi ya sa litar fetur a can ta fi ta babban yankin Sin tsada. A gidan mai kake biya, ba tare da ka sani ba.

Babbar hanyarsu, G98, ta zagaye tsibirin kamar zobe, sama da kilomita 600, daga Haikou a arewa zuwa Sanya a kudu ta dawo. Wata kuma ta ratsa duwatsun tsakiya.

Ni dai dabarar ta burge ni, sai dai motocin lantarki suna ta ƙaruwa, su kuwa ba ruwansu da fetur, balle harajinsa. Ga shi babu gada zuwa babban yankin: duk motar da za ta shigo, sai jirgin ruwa ya haye da ita mashigin Qiongzhou.