Kafin Ka Zuba Riyalinka a Jirgin Ɗaukar Hoto

Kawu, ni mai ɗaukar hoton biki ne a Jidda. Wani ya yi mini tayin ƙaramin jirgi maras matuƙi samfurin DJI a Haraj, kasuwar kayan hannu, kan riyal 900, ba kwali ba rasit. In saya?

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. Araha ba ta ado. Wanda ya saki kaya a wannan farashi ya san abin da yake gudu: ko jabu ne an manna masa tambari, ko na sata ne, ko batirinsa ya kumbura saboda zafin garin nan. Na jabun ba ya iya komawa inda ya tashi idan sadarwa ta yanke, sai iska ta tafi da shi ya faɗo kan motar wani. Na gaskiyar ma yana iya kasancewa ɗaure da asusun mai shi na farko, kai kuma ba ka da ikon kwance shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda samarinmu ke tara kuɗin wata uku, su miƙa wa mutumin da ba su san ko unguwarsa ba, ba tare da sun tambayi doka ba. Tun farkon 2019 hukumar jiragen sama ta ƙasar nan, GACA, ke ba da izinin tashin irin waɗannan jirage, ana yi wa jirgin rajista da lambarsa. Kai da za ka ci abinci da shi, sai ka nemi lasisin tuƙawa. Da wace lamba za ka yi rajistar jabu? Ga istirahohin arewacin Jidda, wato wuraren biki da kuke aiki, suna kusa da filin jirgin Sarki Abdul'aziz. A Disambar 2018 rahoton ganin irin wannan jirgi a filin Gatwick na Ingila ya dagula tashi da saukar jirage kusan 1,000. Nan kuwa ƙasa ce da aka kai wa matatar Abƙaiƙ da rijiyoyin Khurais hari da jirage marasa matuƙa a Satumbar 2019, kusan rabin man da take haƙowa ya tsaya. Jami'in da ya ga abu na shawagi ba zai tsaya tambayar ko amarya kake ɗauka ba. A Afrilun 2018 harbo wani na wasa aka yi a unguwar Khuzama ta Riyad. Kai mai igama ne, wato takardar izinin zama, laifi ɗaya zai iya kai ka tarhil, a mayar da kai gida. Fara da izini, sannan ka saya a shago mai rasit da garanti. Idan bai samu ba, yi hayar mai lasisi ranar biki ka sa a lissafin ango.

Zan zo Umara, ina so in ɗauki Harami daga sama.

Alhaji, ibada za ka zo ko fim? Ba a yarda ba. Waɗanda kake gani lokacin Hajji na hukuma ne, ana lura da cunkoso da su. Bar naka a gida, don kwastan na iya riƙe shi tun a fili.

Kawu, wani jirgi na yawan tsayawa saman gidanmu a Madina da la'asar, ga 'yan mata a soro suna shanya. Na kasa barci. An ce in sayi na'urar toshe sadarwa.

Hajiya, damuwarki a kan hanya take, leƙen gidan mutane ba ƙaramin laifi ba ne a nan. Amma kada ki sayi na'urar nan. Haramtacciya ce, tana katse wayoyin maƙwabta, kuma jirgin da aka toshe zai iya faɗowa kan yaro. Kada a jefe shi ma. Ɗauki hotonsa a wayarki, ki rubuta lokaci da ɓangaren da yake komawa, ki kira 911. Batirin irin waɗannan yawanci ba ya kai sa'a ɗaya, don haka mai shi yana nan kusa. Allah ya kare miki zuri'a.

Zan kai wa ɗana irin wannan jirgi tsaraba Kano.

Najeriya ma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Batirin kuma a jakar hannu ake riƙe shi, ba a awon kaya ba. In yaron ɗan firamare ne dai, saya masa keke.