Amsa: Ƙaramar wutar tanderu tana mutuwa

Malam, ka ce ƙaramar wutar tanderunku na Sharaɗa, wato wadda ke kunna babbar wutar, tana kamawa, amma da an buɗe babbar sai ta mutu. Yawanci iska ce ta yi mata yawa. Rage ƙofar iskar kaɗan-kaɗan har harshen ya tsaya shuɗi, yana lasar sandar da ke jin wuta. In ya koma rawaya, ka rage fiye da kima.

Amma don Allah, in ta mutu rufe gas, ka bar fanka ta kore wanda ya taru kafin ka sake ƙyastawa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Mu a Bompai ƙurar hunturu ke toshe mana ƙaramin ramin gas ɗin. Hure shi muke yi, tsokana da waya faɗaɗa shi take yi.